Wa Ke Da Hanya? Tarihin Mai Ƙafa Da Mai Keke A Birnin Katsina

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin ƙasar da muke takawa kullum ba mu ko duba ta.

A layinmu akwai wani tudu da aka gicciya a tsakiyar kwalta. Duk direban da ya iso wurin sai ya taka birki, wani har da tsaki. Ba gwamnati ta yi shi ba. Matasan unguwa ne suka haɗa kuɗi suka sayi siminti buhu biyu, suka yi shi washegarin ranar da mota ta buge wani yaro ɗan shekara bakwai yana dawowa daga Islamiyya. Yaron ya rayu, amma har yau yana ɗingishi. Babu jaridar da ta buga labarin, ni kaina da nake kiran kaina marubuci ban rubuta ko ranar da abin ya faru ba. In ka zagaya birnin Katsina za ka ga irin wannan tudu birjik, kuma da yawansu in ka tsaya ka tambaya, labari irin wannan za a ba ka.

Wannan ya sa na zauna ina tambayar kaina: yaushe hanya ta zama abin tsoro a garin nan? Wa ke da ita tun asali, kuma ta yaya ta fita hannunsa?

Birnin da ƙafa ta zana

Duk wanda ya shiga cikin gari ta Gambarawa, ko Masanawa, ko kewayen Gobarau, ya san lungunan ba a miƙe suke ba. Suna lanƙwasa, su tsuke, su buɗe a bakin masallaci ko rijiya, su sake tsukewa. Ba injiniya ya zana su ba. Sawun mutane ne: mai zuwa kasuwa, mai zuwa marina, ɗalibi mai zuwa zauren malami, mata masu zuwa barka da gaisuwa. Inda ƙafa ta yawaita bi, nan ya zama hanya, gidaje suka biyo baya.

A farkon shekarar 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina. Ya kiyasta kewayen ganuwa ya kai mil 13 zuwa 14. Ya ce mutanen da ya tarar ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, amma a ganinsa birni mai wannan faɗi ya taɓa ɗaukar dubu 100 a lokacin da yake tashe, kafin yaƙe-yaƙen bayan jihadi su karkatar da ciniki zuwa Kano. Ko dubu 8 ne ko dubu 100, abu ɗaya ya tabbata: dukkansu da ƙafa suke zirga-zirga, sai 'yan kaɗan masu doki.

Ƙofofin gari su ne bakin manyan hanyoyi. Ƙofar Ƙaura ta dubi Kano, Ƙofar Guga ta dubi Jibiya da Maraɗi, Ƙofar 'Yanɗaka ta dubi Batsari, ga Ƙofar Ƙwaya, da Durɓi, da Marusa, da Sauri. Ta nan ayarin fatake ke shigowa, madugu na gaba, jakuna da takarkarai na biye, Buzaye da raƙumansu ɗauke da gishiri da kanwa. Abin lura shi ne duk wannan ayari da saurin ɗan Adam yake tafiya. Raƙumi mai kaya ba ya wuce mai jan akalarsa. Jaki ba ya wuce mai kora shi. Saboda haka yaro na iya wasan langa a hanya, tsoho na iya zama bisa dakali ya miƙe ƙafa, 'yar talla na iya ajiye farantinta ta yi gaɗa. Hanya wurin wucewa ce, kuma wurin zama ce.

Kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Talaka ya san kaucewa tun kafin mota. In sarki ko hakimi ya fito, dogarai na gaba suna buɗe hanya, mai ƙafa ya raɓe jikin katanga, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Amma wannan na ɗan lokaci ne. Doki na wucewa, ƙura na lafawa, hanya ta koma hannun masu ita.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Wasu na ɗauka maganar haƙƙin mai tafiya a ƙasa baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita. Wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ba haka ba ne. Hadisai sun yi maganar haƙƙin hanya, sun sa kawar da abin cutarwa daga kanta cikin rassan imani. Sun koyar cewa wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa mai ƙafa sallama. Sun kuma ba da awon faɗin hanya, kamu bakwai, in jayayya ta taso tsakanin maƙwabta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba a rasa ta a makarantun ilimi na Katsina, ta yi hukunci cewa in dabba ta taka mutum ko ta ɓata dukiya tana cikin tafiya, lamunin yana wuyan mai sarrafa ta, ko bisa yake ko jan ta yake. Wato mai ƙarfi a hanya shi ke ɗauke da nauyin kiyaye marar ƙarfi.

Akwai kuma wata takarda da ta shafi Katsina kai tsaye. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya rubuta wa Ummarun Dallaje, sarkin Katsina na farko bayan jihadi, ɗan littafin nan Usulus Siyasa, yana yi masa bayanin ginshiƙan mulki. Cikin ayyukan da ya ɗora wa shugaba har da kula da kasuwanni da hanyoyi da gina gadoji. A lokacin babu mota ko ɗaya a duniya. Hanyar da Bello ke nufi ta mai ƙafa ce, da mai jaki, da mace mai tallar nono. Duk wanda ya tashi yau yana neman a gyara wa mai ƙafa hanya a Katsina, tsohon bashi yake bi, mai shekara kusan ɗari biyu.

Ranar da sauri ya shigo gari

A 1903 Turawan Ingila ƙarƙashin Lugard suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. A 1906 Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta, ya yi mulki har 1944, kuma yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka rungumi mota. A zamaninsa ne Katsinawa suka fara ganin abin hawan da ba ya cin ciyawa, ba ya gajiya, ba ya kuma jin "hattara".

Wani abu ya ƙara ɗaure Katsina da mota. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen da aka ja daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaurar Namoda a 1929. Birnin Katsina bai samu dogo ba. Gyaɗa da audugar wannan yanki dole a kai su tasha, da farko bisa jakuna da raƙuma, daga baya a lori. Don haka aka share hanyoyin mota, kuma talakawa ne suka share su, da fartanya a hannu da kwando a kai, sau da yawa ba da son ransu ba. Mai ƙafa ne ya gina hanyar da daga baya aka ce ya kauce daga kanta. Ƙofofin da aka yi daidai raƙumi da kayansa suka yi wa lori kaɗan, aka riƙa faɗaɗa su. Yawancin waɗanda muke gani yau sabon gini ne na siminti, ganuwar kuwa ta zube a wurare da yawa, an yi gidaje a kanta.

Duk da haka motocin wancan zamani ƙirga su ake da yatsu. Katsinar da aka buɗe wa Kwaleji a Rafukka a 1922, wadda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, wadda Abubakar Imam ya zauna yana koyarwa a Midil ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, gari ne na ƙafa da jaki da doki. Sai kuma wani sabon abu da ya fara ɓullowa jefi-jefi, mai ƙafa biyu, wanda tsofaffi ke kira basukur.

Zamanin Rali

Keke ne abin hawan zamani na farko da talaka ya iya mafarkin mallaka. Malaman makaranta suka fara, da akawuna, da malaman gona, da duba-gari, da masinjoji. Daga nan manomi ya gane in gyaɗa ta yi kyau zai iya sayen nasa. Raleigh, wanda muke kira Rali, daga Nottingham ta Ingila ake kawo shi, daga baya har aka riƙa harhaɗa shi a Kano. Ga Hercules, ga kuma Phoenix na ƙasar Sin da ya zo daga baya da sauƙin kuɗi.

Kakana na da Rali baƙi, kuma na tashi na tarar da shi jingine a zaure. Takardar da aka naɗo shi da ita daga kanti ya bar ta a jikin ƙarfen har ta ruɓe da kanta. Kowace Juma'a sai ya goge shi da tsumma da ɗan mai, waya ɗaya bayan ɗaya. Da shi yake zuwa kasuwannin ƙauye, ya ɗauro buhu a kariya, ya dawo kafin magariba. Ya sha faɗa mana cewa a zamaninsu saurayin da ke da keke ba ya doguwar magana a gidan surukai. Mu kuwa da keken haya muka koya. Ka kai 'yan kuɗinka, mai haya ya dubi agogo, ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya tunda ba ka kai sirdi ba, ka yi ta faɗuwa a yashi har ka iya.

Ga wani abu da ya kamata marubuci ya riƙe. A zamanin En'e keke na da lasin. Ana biyan kuɗi a karɓi 'yar lamba a maƙala masa, kuma ɗan doka na iya tare ka in ba ka da ita, ko in dare ya yi ba ka da fitila. Masu keke sun ji haushin wannan ƙwarai, amma ku dubi abin da ke ƙarƙashinsa: hukuma ta san da zaman mai keke. Yana cikin littafinta, tana ƙirga shi cikin masu hanya. Yau ba a karɓar masa lasin, ba a kuma tuna shi in ana zana titi.

Daga hannun dama zuwa acaɓa

Shekarun 1970 su suka juya lissafin. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, irin na maƙwabtanmu na Nijar. Kuɗin man fetur suka shigo. A 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin Udoji har da bashin watannin baya, a shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Malamin da ke hawa Rali ya sayi Honda ko Vespa, mai Honda ya sayi mota. Cikin 'yan shekaru keke ya sauka daga abin alfahari ya koma shaidar wanda bai samu ba. Aka bar shi ga mai gadi, da leburan gini, da ɗan ƙauye mai kawo itace. Wannan raini shi ne asalin matsalar, don ba a gina wa wanda aka raina hanya.

Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiri Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata. Sakatariya da ma'aikatu da rukunin gidaje suka fita bayan ganuwa. Manyan makarantu suka jeru a hanyar Dutsin-ma. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Katsina kaɗai ta haura mutum dubu 300. Garin da ake ratsawa da ƙafa ya miƙe har ƙafa ta gaza. A daidai wannan lokaci kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai acaɓa ya cike gurbin. Baburan Sin masu arha irin su Jincheng suka malalo, Keke Napep ya biyo baya daga 2001.

Gwamnatoci suka amsa da abin da ido ke gani: tagwayen tituna, shataletale, hanyar zobe, daga baya gadoji. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura wadda gwamnatin Aminu Bello Masari ta gina. Ba mai musun cewa waɗannan ayyuka sun rage cunkoso, sun kuma ƙawata gari. Tambayar ita ce wa aka sa a gaba lokacin da ake zana su.

Ga yadda abin ke aiki. Titi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai santsi, shi da kansa ke ce wa direba ya taka. In an sa shinge a tsakiya, unguwa ɗaya ta rabu biyu: masallaci na can, gida na nan, makaranta na can, yara na nan. Gefen da ya kamata mai ƙafa ya bi, ko dai kwata ce a buɗe, ko mai shago ya fito da kayansa, ko an ajiye mota, ko mai gini ya zube yashi da bulo. Dole mai ƙafa ya sauko kwalta, ya haɗa kafaɗa da babur. Mai keke kuma ba shi da wuri ko kaɗan. In ya bi tsakiya a yi masa ham, in ya raɓe ya faɗa rami.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Ta ce in mota ta bugi mutum tana gudun kilomita 65 a awa, haɗarin mutuwarsa ya ninka na gudun kilomita 50 sau huɗu da rabi. Shi ya sa taron ƙasashe da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Matasan layinmu ba su karanta wannan rahoto ba. Da siminti buhu biyu suka kai ga hukunci ɗaya da shi.

Waɗanda suka buɗe baki

An taɓa yin masu magana a kan wannan, kuma abin da zai ba ku sha'awa shi ne biyu daga cikinsu masu alƙalami ne.

Na farko Wole Soyinka. Mutuwar abokai da ɗalibai a hanyoyin ƙasar Yarabawa ta dame shi har ta shiga rubutunsa, ya yi wasan kwaikwayo mai suna The Road a 1965. Bai tsaya a takarda ba. Ya shiga aikin kiyaye haɗurra a Jihar Oyo, kuma da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, shi ne shugabanta na farko. Jami'an da kuke gani a hanyar Kano ko ta Jibiya, akwai hannun marubuci a kafuwar hukumarsu.

Na biyu ɗan jarida ne a ƙasar Holan, Vic Langenhoff. Yau in an ce Holan sai a tuna keke, har a ɗauka haka Allah ya halicce su. A 1971 mutum sama da dubu 3 suka mutu a titunansu, fiye da 400 yara ne. Ɗaya daga cikin yaran 'yar Langenhoff ce, mota ta buge ta tana kan keke za ta makaranta. A 1972 ya rubuta makala a jaridar da yake wa aiki, ya kira abin da sunan da ba wanda ya taɓa kiran sa: kisan yara. Iyaye suka ɗauki wannan kalma suka mai da ita sunan ƙungiya, suka riƙa tare tituna, suna zuwa majalisa. Da tsadar mai ta 1973 ta zo, gwamnati ta hana motoci fita ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu hayaniya. Daga nan aka fara gina wa keke hanyarsa daban. Makala ɗaya ba ta yi wannan aiki ita kaɗai ba, amma ita ta ba baƙin cikin mutane suna.

A gida kuma akwai darasin Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo. A 2001 ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Wata rana motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Jaridu suka samu abin dariya, maganar ta mutu. Amma faɗuwar tasa ta tabbatar da abin da masu sukarsa ke faɗa, ta kuma nuna inda gyaran yake: ba a cewa mutane su hau keke kafin a yi musu inda za su bi. In minista mai 'yan rakiya bai tsira ba, ina ga mai kai wa 'ya'yansa cefane?

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa masu sanyi da kuɗi. A Wagadugu ta Burkina Faso, inda rana ke duka kamar tamu, manyan tituna na da layi daban na masu ƙafa biyu, kuma maza da mata duk suna hawa keke ba mai kallonsu. A Tamale ta arewacin Gana, inda Hausawan zango ke da yawa, nan ma an ware wa keke hanya a gefen manyan tituna. Ba su fi mu arziki ba. Shawara ce suka yanke.

Keke ya dawo, hanya ba ta dawo ba

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Abin da wa'azin minista ya kasa, aljihu ya yi shi. Na ga malaman makaranta sun jingine babur sun sayi keken gwanjo. Na ga magidanta suna takawa daga bayan gari zuwa kasuwa don kuɗin Napep ya ishi kwanon masara. Mai facin bakin layinmu, wanda a da yake gyangyaɗi a inuwa, yanzu har yaro ya ɗauka. Jikokin masu Rali sun koma kan sirdi, sai dai titin da suka tarar ba irin wanda kakanninsu suka bari ba ne.

Gaskiya a faɗe ta, mu ma masu ƙafa da masu keke muna da namu laifin. Akwai mai hawa da dare ba fitila, akwai mai bin hannun da ba nasa ba, akwai mai tsallaka titi ido na kan waya. Amma kuskuren mai keke kansa yake ci, kuskuren mai mota wani yake ci. Hukuncin Risala bai tsufa ba.

Abin da ake nema ba gagara-badau ba ne. A rufe kwatoci a mai da samansu wurin tafiya, a kuma hana a mamaye shi. A rage gudu a gaban makarantu da asibitoci da kasuwanni, da tudu na ƙa'ida wanda injiniya ya auna, mai fenti da alama, maimakon wanda unguwa ta yi cikin fushi. A yi wurin tsallakawa inda mutane ke tsallakawa da gaske. A sa fitilu. A dasa bedi a gefen hanya, don wanda ya taɓa tafiya a rana ta watan Afrilu ya san inuwa ma hanya ce. In za a zana sabon titi, a bar wa keke ɗan layinsa tun a takarda.

Kuma garin nan ya iya. Duk ranar hawan Sallah ana tsayar da motoci, dubban mutane su cika hanyar Ƙofar Soro da ƙafa, ba mai cewa an tauye shi. Duk Juma'a sahu na fitowa har kan kwalta, direba ya jira ko ya sake hanya. In an yi rasuwa a unguwa, benci biyu ake gicciyawa, kowa ya gane. Mun yarda titi na iya zama na mutane saboda doki, saboda salla, saboda mamaci. Saura mu yarda saboda yaro mai rai da ke hanyar makaranta.

Aikin da ya rage gare mu

'Yan uwa, na kawo wannan tarihi nan ne don mafi yawansa ba a rubuce yake ba. Sunayen sarakuna da shekarunsu suna cikin littattafai. Amma wa ya fara hayar keke a unguwarku? Nawa ake biyan lasin a shekarar da aka daina? Wace shekara aka fasa lungun da ya zama titin gaban gidanku, gidajen wa aka rushe, ina suka koma? Masu amsar suna nan zaune bisa dakali, kuma kullum raguwa suke.

Ga abin da nake roƙo a wannan mako. Kowa ya zaɓi ɗaya.

Ka nemi tudun rage gudu mafi kusa da gidanku, ka tambayi wanda ya yi shi, da yaushe, da dalili. Ka rubuta abin da aka faɗa maka yadda aka faɗa, kada ka ƙara gishiri. In akwai iyalin da abin ya shafa, ka nemi izininsu kafin ka ambaci suna, in sun ƙi ka sakaya.

Ko ki samu tsohuwa a gidanku, ki tambaye ta yadda take zuwa unguwa tana budurwa, da yadda take zuwa yanzu, da inda ta daina zuwa saboda tsoron tsallaka titi.

Ko ka je Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya lokacin tashin makaranta, ka tsaya rabin awa da agogo a hannu. Ka ƙirga mintin da yaro ko tsoho ke ɗauka kafin ya tsallaka, ka lura da inda yake bi da abin da idonsa ke yi. Kada ka rubuta "abin takaici ne". Rubuta abin da ka gani, takaicin zai zo wa mai karatu da kansa.

Ko ka zauna da mai faci mafi tsufa da ka sani, ka ce ya kira maka sunan kowane ƙarfe a jikin keke da Hausa. Waɗannan kalmomi ma dukiya ce, kuma suna bin masu su kabari.

Ku ajiye abin da kuka samo a ƙarƙashin wannan rubutu, ko da sakin layi uku ne. Wanda ya ga kuskure a shekara ko suna cikin abin da na kawo, ya gyara mini, don haka ake gina tarihi. In muka tara guda ashirin ko talatin, mun samu abin da za a iya ɗauka a kai gaban mai unguwa, da kansila, da hukumar da ke zana tituna, a ce ga abin da mutanenku ke gani.

Ana yi wa garin nan kirari da ɗakin kara. Kara kuwa ita ce ka ga wanda ka fi ƙarfi, ka dakata masa. Mun iya yi wa baƙo, mun iya yi wa suruki. Yaron layinmu yana nan, kullum da yamma yana wucewa ta gefen tudun da aka yi saboda shi, yana jan ƙafa, jakarsa a kafaɗa. Shi ma yana jiran tasa.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a hanyoyinmu. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.